Ra'ayinmu: An Rufe wa Sigari Ƙofa, An Bar wa Giya Taga

Duk wanda ya girma da rediyo da talbijin a shekarun 1990 zai tuna tallar sigari, da gargaɗin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a ƙarshenta cewa mashaya taba suna iya mutuwa da ƙuruciya. Dokar soja mai lamba 20 ta 1990 ce ta tilasta wannan gargaɗi. A 2005 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, sannan a 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta haramta tallar taba da ɗaukar nauyin wasanni da sunanta. Madalla da wannan.

To, giya fa? Ita ba a hana tallarta ba, lokaci kawai aka ƙayyade mata: sai dare ya yi, wai yara sun kwanta. Amma ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 2.6 a duniya. Wane dalili ne zai sa a rufe wa ɗaya ƙofa a bar wa ɗaya taga?

Wani zai ce ai a Jihar Kano tun 2000 shari'a ta hana sayar da giya, Hisba kuma tana fasa kwalabe. Gaskiya ne, amma Hisba ba ta tare tauraron ɗan'adam. Samarinmu na Ajingi da Gaya da ke cika gidajen kallon ƙwallo suna ganin Heineken a Gasar Zakarun Turai, tun 2024 kuma Guinness ce giyar gasar Firimiya ta Ingila, wadda ake buga yawancin wasanninta kafin magariba. Ina amfanin ƙa'idar dare?

Ba abu ne da ya gagara ba. Tun 1991 Faransa ta hana tallar giya da ta taba a talbijin da doka guda.

Saboda haka muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya da hukumomin NBC da ARCON su auna giya da mudun da aka auna taba. Kafin nan, 'yan'uwa, aikin namu ne. Dattawan ikkilisiya, zumuntar mata da shugabannin matasa, ku zauna da yaranku ku nuna musu cewa mai talla ba ya nuna asibiti, ba ya nuna gidan da aka sayar da buhun gero aka sha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.