Wasiƙa Zuwa ga 'Yan Gudun Dogon Zango da Masu Horar da Su

'Ya'yana 'yan tsere, da ƙannena masu riƙe da agogo da usur,

Duk wanda ya yaye bargo da asuba a Jos ko Pankshin cikin watan Disamba, jaura na yankar kunne, ya ɗaura kambas ya hau hanya ba albashi ba tallafi, ya cancanci a yi masa sannu da ƙoƙari. Na yi muku, har zuciya. Sai dai ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Wata ɗabi'a ce ta shigo mana da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar sanyi ya kama, sai kowa ya yanka wa kansa adadi. Wannan ya ce kilomita 160 a mako, wancan ya ce 200, wani ya rantse sai ya cika dubu kafin gasar Legas ta watan Fabrairu. Ranar Lahadi da yamma a ɗauki hoton lissafin manhajar Strava a watsa wa abokai a WhatsApp. Wanda nasa ya gaza da kilomita uku sai ya sake fita da dare, ƙwauri na zogi, yana zagaya unguwa cikin duhu don lamba ta cika. Fitar nan ba ta ƙara masa komai a huhu ko a ƙafa ba, barcin da jikinsa ke nema kawai ta cinye.

Na san sunan da za ku kawo mini, Arthur Lydiard na ƙasar New Zealand. Gaskiya ne ya sa yaransa gudun mil 100 a mako, wato kusan kilomita 160. Gaskiya ne kuma a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, Peter Snell ya ci zinare a mita 800, Murray Halberg ya ci a mita 5,000 a rana ɗaya, Barry Magee kuma ya samu tagulla a gudun famfalaki. To amma kun ɗauki lambar kun bar karatun. Lydiard ya shekara da shekaru yana gwada abin a jikinsa kafin ya ɗora wa ɗan kowa. Mil ɗarin nan mataki ɗaya ne na 'yan makonni, daga shi sai atisayen hawan tudu, sai na sauri a fili, sannan a sassauta gab da gasa don ƙafa ta huta. Kuma gudun da yake nufi shi ne wanda numfashi ba ya sarƙewa, mutum ya gama da gajiya mai daɗi, gobe ya iya maimaitawa. Ku kuwa kowace safiya tsere ce. Ranar da aka ce a tafi a hankali, ba a kai kilomita biyar ba wani ya ja gaba, saura sun bi don kada a ce sun gaza. Bill Bowerman na Jami'ar Oregon, wanda ya je har New Zealand ya ga aikin Lydiard da idonsa, a kan ƙa'ida ɗaya ya gina horonsa: ranar wuya, sai ranar sauƙi ta biyo baya. A wurinku ranar sauƙin ta ɓace.

Ga abin da agogo ba zai gaya muku ba. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ka ji numfashi ya buɗe, ka ɗauka ka kai. Agara da ƙashi kuwa watanni suke ɗauka. Idan nauyi ya ƙaru, jiki yakan fara cire tsohon ƙashin da ya gaji kafin ya cike wurin da sabo, kuma a tsakanin nan ƙashin ya fi rauni. Maginin ƙasa ba ya ɗora sabon layin tubali sai na ƙasa ya sha iska, in ya yi gaggawa katanga ta tsage. Wanda ya tashi daga kilomita 70 ya faɗa 150 cikin wata guda, a daidai lokacin raunin nan yake ƙara lodi. Alamar ba ta ɓuya: zogi a wuri ɗaya a ƙwauri ko a bayan tafin ƙafa, wanda yatsa ɗaya ke iya nunawa, yana ƙaruwa in ana gudu. Tsagewar ƙashi ke nan ko farkonta. Man zafi ba ya maganinta, ƙwayar kashe zogi ta kemis kuwa rufe bakin mai kuka kawai take yi. Hutun mako shida zuwa takwas take nema, wani lokaci fiye. Wanda ya ƙi hutun kwana uku a Disamba, shi ne zai kalli gasar Fabrairu a talabijin.

Shi kansa hunturun kun raina shi. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ita kuke zuƙa da baki buɗe na tsawon sa'a biyu. Iskar a bushe take, gumi na bushewa tun ba a gan shi ba, ƙishirwa ba ta damun mutum, sai fitsari ya yi ja kafin a farga. Tari ya kama yaro mako biyu, ƙirji na ƙugi, amma a ce ai lissafi ba zai jira ba. Ga bin gefen kwalta cikin hazo tun gari bai waye ba, da baƙar riga, tireloli na wucewa. Ingrid Kristiansen 'yar ƙasar Norway, inda ƙanƙara ke rufe hanyoyi, ba ta yi jayayya da sanyin ƙasarsu ba. Takan yi atisaye a kan injin gudu cikin ɗaki, ta haɗa da zamiya a kan dusar ƙanƙara. A watan Afrilun 1985 ta yi 2:21:06 a gudun famfalaki na Landan, tarihin da ya shekara 13 ba a karya ba. Ranar da hazo ya yi kauri, ku rage zango, ku jira rana ta ɗaga, ku bi hanyar ƙasa, ku sha ruwa ko ba ku ji ƙishi ba.

Yanzu gare ku, ƙannena kociyoyi, domin laifinku ya fi na yaran. Ku ne ke karanta cewa Eliud Kipchoge na wuce kilomita 200 a mako a sansaninsu na Kaptagat, ku zo ku ɗora wa ɗan shekara 17. Kipchoge ya zama zakaran duniya a mita 5,000 a birnin Faris a 2003, bai shiga gudun famfalaki ba sai 2013 a Hamburg. Shekara goma yana gini a hannun Patrick Sang. In ya dawo atisaye abinci na jiransa, ga mai tausa, ga barcin rana. Yaronka fa? Daga gudu sai gona ko acaɓa ko makaranta, da shayi da burodi a ciki. Ka taɓa tambayarsa abin da ya ci jiya da dare? Ka taɓa sa wata babbar mace ta tambayi 'yan matan da kake horarwa ko al'adarsu na zuwa? Ɗaukewarta ga mai gudu alama ce ta abinci bai kai aiki ba, kuma ƙashi ne ke biyan bashin. Kocin da ke alfahari da lissafin yaransa alhali rabinsu na ɗingishi, amanar iyayen da suka ba shi 'ya'yansu ya ci. Ba ni da wata kalma mai laushi da zan sa a nan.

A zamaninmu littafin makaranta ne da biro. Malaminmu yakan dubi idon mutum da safe, ya kama hannunsa ya ƙirga bugun jini, ya tambayi barci. In bugun ya haura yadda aka saba, sai ya ce koma gida, kuma ba mai musu. Da mintoci muke auna gudu, ba wanda ya san kilomita nawa ya yi daidai. Abbas Mohammed ya yi 2:16:06 a gudun famfalaki a 1990 ba tare da agogo mai tauraron ɗan'adam ba, kuma aka shafe shekara sama da 30 ba ɗan Najeriyar da ya taɓa wannan tarihi. Abin yana yi mini ciwo, don ga tsaunuka muna da su, Jos kanta ta haura mita 1,200, ga yara masu ƙafa da zuciya. Muna ƙone su ne tun ba su nuna ba.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi. Ni ma ina son dogon zango, ba a yin gudun kilomita 42 da ɗan atisaye, kuma hunturu lokacin tara shi ne. Roƙona shi ne a ƙara kaɗan kaɗan, bayan mako uku a sassauta na huɗu, a bar ranar sauƙi ta zama mai sauƙi har a iya hira ana gudu. Kociyoyi kuma, a makon nan ku zaunar da yaranku ɗaya bayan ɗaya, ku bi ƙwaurinsu da yatsa. Wanda ya zabura, a kai shi asibiti a duba, kada ya ɗaura kambas sai likita ya yarda.

Ku gaishe mini da iyayenku. Allah ya tsare ƙafafunku.

Naku,
Wani tsohon mai horarwa