Daga Bargar Dawaki Zuwa Masana'antar Rigakafi

A birnin Pune na ƙasar Indiya akwai kamfanin Serum Institute, wanda babu kamarsa a duniya wajen yawan allurar rigakafin da yake yi. Asalinsa kuwa barga ce. Gidan su Cyrus Poonawalla masu kiwon dawakin sukuwa ne. Idan doki ya tsufa, sukan miƙa shi ga cibiyar Haffkine ta Mumbai, inda ake tace magani daga ruwan jininsa. Da saurayin ya ga amfanin da wasu ke samu daga dabbar da gidansu ke rabuwa da ita, sai ya kafa nasa wurin a 1966, ya fara da maganin cutar tetanus mai sarƙe haƙora.

Bai yi gaggawar faɗaɗawa ba. Sai da ya ƙware a abu ɗaya kafin ya ƙara wani, ya tara masana, ya kuma kai ingancin aikinsa matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A 2012 ya sayi masana'antar Bilthoven a ƙasar Holan. Mu ma aikinsa ya iso mana: allurar sanƙarau ta MenAfriVac, wadda aka fara yi a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010, daga Pune take, kuma a lokacin kowace ɗaya ba ta kai rabin dala ba. Wanda ya taɓa ganin yaro ya sandare a tsakiyar bazara ya san darajar wannan araha.

To mu dawo gida. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari na cika da shanu, raƙuma da dawaki daga Nijar da ƙauyukan Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar. A loda su a tirela, a yi kudu da su, shi ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne maganin saran kububuwa. Dafin macijinmu ne ake fita da shi, a yi wa dawaki allurarsa a Kosta Rika, a tace maganin, sannan a dawo mana da shi.

Babbar masana'anta tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da ruwa mai tsabta, da ƙwararru, kuma waɗannan ba a yini ɗaya ake samun su ba. Amma ƙaramin mataki yana hannunmu. A yankin ciniki maras haraji na Maigatari, za a iya kafa ɗakin gwajin jinin dabbobi da ma'ajiyar sanyi mai aiki da hasken rana, don rigakafin ciwon huhun shanu da ake kawowa daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Yaranmu masu karatun kimiyya a jami'o'in Dutse da Kafin Hausa su koyi aikin a can. Muna kira ga gwamnatin Jigawa da masarautar Gumel da attajiran wannan yanki su zauna su duba wannan magana.