"Kwanta ka huta": tausayin da ke durƙusar da tsofaffinmu a Jazira da Nilul Azraƙ

Akwai wata magana da muke gaya wa iyayenmu da zuciya ɗaya, muna ganin biyayya muka yi, alhali cutarwa ce. Da zarar tsoho ya fara kukan gwiwa ko ƙugu, sai ka ji ɗa ko suruka na cewa, "Baba, kwanta ka huta, ai ka gama naka." A kai masa buta har bakin angarib, a kai abinci, a hana shi ko ɗaure akuya. Idan tsohuwa ce, a ƙwace tsintsiyar hannunta, wai kada maƙwabta su ce ana wahalar da ita. Bayan wata uku, mutumin da yake takawa masallaci da sandarsa sai an kama shi kafin ya miƙe. Sai mu girgiza kai mu ce tsufa ne.

Tsufa na da nasa kason, babu musu. Amma kaso mai tsoka na wannan durƙushewa kwanciyar ce ta jawo shi, kuma ana iya hana shi da ilimin da bai fi ƙarfin ƙauye ba. Ilimin nan shi ne gashin ƙashi, wanda a asibitocin Sudan ake kira ilajiɗ ɗabi'i. Ra'ayina shi ne, yanzu da ake ƙoƙarin tayar da asibitocin da yaƙi ya rusa, dole a kawo shi ƙauyukanmu, kada a sake barin shi a birni.

Mu fara da tambayar su waye waɗannan tsofaffi, kuma me ya cinye musu gaɓoɓi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya iso da jama'arsa bakin kogin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar, garin da har yau ke ɗauke da sunansa. Wasu kuma hanyar Makka ce ta biyo da su, guzuri ya ƙare, suka zauna. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gandun noman Jazira, hannun Hausawa na cikin waɗanda suka riƙe shi. Tsofaffinmu na yau 'ya'ya ne da jikokin waɗancan. Sun yi shekaru arba'in ko hamsin a sunkuye, suna tsinkar auduga a hawashar wani, suna cire gyaɗa, suna yashe tur'a, suna jan taru a kogi wajejen Sinja da Rusairis. Matan kuwa ga daka, ga tulu a ka, ga goyo a baya. Irin wannan aiki na sunkuyo da durƙuso da ɗaukar kaya yana cikin abubuwan da likitoci suka tabbatar suna gaggauta lalacewar gwiwa da ciwon baya.

Wani zai ce, to mutumin da ya sha wannan wahala ai hutu ya cancanta. Ya cancanci a sauke masa buhu, wannan gaskiya ne. Amma sauke buhu daban, ɗaure mutum a gado daban. Gwiwa ba ita kaɗai ke ɗaukar nauyin jiki ba, tsokar cinya ce ke tallafa mata. Tsoka kuwa ba ta ajiyuwa, idan ba a aiki da ita zagwanyewa take yi, kuma ta tsoho ta fi ta yaro saurin tafiya. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 kacal, sai aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Kwana 10 ke nan fa, ga lafiyayyu. Haka ita ma guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwa, ba ta da hanyoyin jini nata, daga ruwan gaɓa take samun abinci, kuma motsi ne ke tura ruwan. Saboda haka ciwo ya sa a kwanta, kwanciya ta raunana tsoka, raunin tsoka ya ƙara ciwo, har ranar da tsoho zai faɗi a hanyar bayan gida. Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce motsi ya fi laɓewa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.71 ne ke fama da ciwon ƙashi da gaɓoɓi da tsoka, kuma faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a kowace shekara, waɗanda suka haura 60 su ne suka fi mutuwa. Abin da ya bambanta mu da wasu shi ne yadda muke tarar ciwon.

Hanyoyinmu uku ne. Ta farko ita ce kwanciyar da na ambata. Ta biyu ita ce allura. Duk wanda aka ce yana da ruɗuba, wato sanyin ƙashi, ko gudruf a baya, sai a aika yaro kantin magani ya sayo Voltaren, wani lokaci a haɗa da kotizon. Ciwon ya lafa kwana biyu, a sake. Ba a gaya wa iyali cewa yawan irin wannan magani ga tsoho na iya jawo gyambon ciki da zubar jini, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini, shi kuma kotizon idan aka daɗe a kansa yana tayar da sukari ya mayar da ƙashi kamar kara. Hanya ta uku ita ce wanzami da maɗori, wanda Larabawan nan ke kira basir. Ƙaho da tsaga na iya sa mutum ya ji sanyi na ɗan lokaci, amma ba sa mayar da tsokar da ta tafi.

Ina mai gashin ƙashi a duk wannan? Yana birni. Tun kafin yaƙi, wuraren da suka shahara da koyar da wannan fanni, irin su Jami'ar Ahfad ta mata a Umdurman da Jami'ar Nilain a Khartum, duk a babban birni suke, waɗanda suka gama kuma da yawa sun nufi ƙasashen Larabawa neman na tuwo. Tsohon da ke kambo a tsakiyar gonaki, inda ko shagon magani babu, sai an ɗora shi a karo zuwa bakin titi, sannan mota zuwa Wad Madani ko Damazin. Gashi kuma ba zuwa ɗaya ba ne, ana so a yi ta komawa. Waye zai iya?

Sai rikici ya ƙara dagula lamarin. Faɗan ƙabilanci na Yuli da Oktoba 2022 a Nilul Azraƙ ya kori dubban mutanenmu daga gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Madani a Disambar shekarar, ya iso Sinja a tsakiyar 2024, soja ba su karɓe Madani ba sai Janairun 2025. Mu malamai mun ga abin da ya faru a makarantun da suka koma matsugunan 'yan gudun hijira. Dattijon da yake da gona da dabbobi da majalisa ya wayi gari a kusurwar aji, bisa tabarma, babu abin da zai tashe shi, abincin ma ba ya isa. Da yawansu sun shigo da ƙafafunsu, amma da lokacin komawa gida ya yi sai ɗaukar su aka yi. Ba a lissafa su cikin waɗanda yaƙi ya raunata, don babu harsashi a jikinsu.

Na san abin da za a ce mini: Malam, ana fama da kwalara da zazzaɓin cizon sauro da yunwa, kai kana maganar gwiwar kaka? Ban ce a ajiye waɗancan ba. Amma a duba lissafin gida. Idan tsohuwa ta kwanta, wa ke jinyarta? Yarinya ce ake cirewa daga makaranta, kuma duk malamin ƙauye ya san wannan a rajistar ajinsa. Ko kuma uwar gida ta bar sana'ar da ake ci da ita. Ga shi yaƙi ya kwashe maza da yawa, kakanni ne ke riƙe da marayu. Kakar da ke iya tashi ta ɗora tukunya gida guda ta riƙe. Sannan wannan magani ba ya gasa da na kwalara a kuɗi, domin mafi yawansa ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Mutane sun ɗauka gashin ƙashi fitila ce mai zafi da waya mai jijjiga. Ginshiƙinsa motsa jiki ne da aka tsara daidai da ciwon mutum, ana ƙarawa sannu a hankali.

Ga misalan abin da masana ke koyarwa, wanda jika mai hankali zai iya tsayawa a kai. Tsoho ya zauna a bakin angarib ya miƙe ya koma, sau biyar zuwa goma, safe da yamma. Yana zaune ya miƙar da ƙafa ɗaya ya riƙe, ya ƙirga biyar, ya sauke. Ya dafa bango ya ɗaga dugadugansa. Ya taka zuwa masallaci ko gidan maƙwabta kullum, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, idan gwiwar dama ke ciwo a riƙe da hagu, tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu. A ɗaga gadon da bulo idan ya yi ƙasa, a kafa abin dafawa a bayan gida, a ajiye masa tocila, a raba shi da silifas ɗin da ya saki. A ƙasar Niyu Zilan an gwada irin wannan tsari na gida, mai suna Otago, ya rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ɗan ciwon da ke lafawa kafin washegari ba abin tsoro ba ne, sannu ba ta hana zuwa. Sallah kuwa, shari'a ta yi sauƙi ga wanda ya kasa tsayuwa ya zauna, amma sauƙin bai ce ya wuni a kwance ba.

Sai dai a kula, ba kowane ciwo ake motsawa ba. Tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, musamman idan ƙafar ta gajarce ta juya waje, ƙila ƙashin ƙugu ne ya karye, asibiti za a kai shi a ranar, ba wurin maɗori ba. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, ko da zazzaɓi da gumin dare da rama, na likita ne, don tarin fuka na cin ƙashin baya, haka ma cutar maltiya da ake ɗauka daga ɗanyen nono. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi farat ɗaya ita ma haka. Mai ciwon sukari kuma kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi, zai iya ƙonewa bai ji ba. Sanin waɗannan alamu shi ne dalilin da ya sa nake cewa a horar da mutane, kada a bar kowa da tunaninsa.

Kuma Sudan ta taɓa yin irin wannan. A 1921 aka buɗe makarantar ungozoma a Umdurman ƙarƙashin Mabel Wolff, aka ɗauki matan da yawancinsu ba su iya karatu ba, aka koya musu a aikace, suka koma garuruwansu da akwatinsu. Har yau ƙauyukanmu sun san daya. Idan an iya koya wa mace karɓar haihuwa shekara ɗari da suka wuce, me zai hana a koya wa 'yan sakandare biyu daga kowane ƙauye, mace da namiji, yadda ake tayar da tsoho? Macen dole ce, domin iyayenmu mata ba za su yarda namiji ya taɓa musu gwiwa ba, kuma suna da gaskiya.

Kirana na farko ga ma'aikatun lafiya na jihohin Jazira da Sinnar da Nilul Azraƙ ne: a sa wannan horo cikin aikin ƙananan cibiyoyin lafiya, a tura ƙwararre yana zagayawa ko sau ɗaya a wata, ya duba masu ciwo ya kuma bibiyi waɗanda aka horar. Babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a Mayun 2023 cewa a shigar da farfaɗo da marasa lafiya cikin tsarin lafiya tun daga matakin farko, don haka ba sabon abu muke roƙo ba. Na biyu ga Jami'ar Jazira, wadda tsangayarta ta likitanci ta yi suna wajen tura ɗalibai ƙauye: a haɗa da tsofaffi cikin abin da ɗaliban ke dubawa, kuma a je kambo, kada a tsaya a ƙauyukan bakin titi. Na uku ga sarakunanmu da limamai: a zauna da maɗora da wanzamai, a girmama su, a yi yarjejeniya kan wanda za su riƙe da wanda za su tura asibiti. Yaƙi da su ba zai yi ba, su mutane suka sani. Na huɗu gare mu malamai. Muna koyar da darasin motsa jiki, yaranmu kuma su ne ke kwana ɗaki ɗaya da kakanninsu. Darasi biyu a zango ya isa su koma gida da abin amfani.

Amma kafin gwamnati ta motsa, gyaran farko a tsakar gida yake. A bar Inna ta share ƙofar ɗakinta, ta tsince wake, ta je suna da ƙafarta. A bar Baba ya ba dabbobi ruwa, a riƙa masa hannu zuwa Juma'a ko da zai tsaya sau uku a hanya. Surutun maƙwabta ba zai kai nauyin ɗaukar mahaifi zuwa bayan gida shekara biyar ba, shi kuma ya fi kowa jin ciwon hakan. Mutanen da kakanninsu suka taka daga Sakkwato zuwa bakin Nilu bai kamata su ƙare rayuwa suna kasa tsallake tsakar gida ba, alhali da dabara. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su yadda ya dace.