Dutse Yana da Masu Shi

*Daga Uluru zuwa 'Yargalma: wa ke da ikon cewa a'a?*

Ranar 26 ga Oktoba 2019 aka haramta hawan Uluru, jan dutsen nan da ke tsakiyar hamadar Ostiraliya. Tsayinsa mita 348, kuma shekara da shekaru baƙi daga ko'ina cikin duniya suna dafa sarƙar da aka kafa masa a 1964 su haye ƙololuwarsa su ɗauki hoto. Mutanen Anangu, 'yan asalin wurin, sun daɗe suna roƙon a daina, domin a wurinsu turbar da ake bi a hau ɗin ta magabata ce, tana da alfarma. Yau wanda ya je Uluru da asuba ake tashinsa, ɗan jagora ya shige gaba, a zagaya gindin dutsen a ƙasa, tafiyar kimanin kilomita goma, ana kallon yadda fitowar rana ke sauya masa launi. Akwai kusurwoyin da ake ce wa baƙo ya sauke kyamara, domin wasu sirrin maza ne, wasu na mata. Baƙo ya biya kuɗinsa, kuma ya bi doka.

Duk jami'in yawon buɗe ido da ya ji wannan labari a ƙasar Hausa, kuɗin shiga zai fara hangowa. Nan da nan zai jero Dala da Goron Dutse a Kano, da Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi a Zamfara, ya ce ga arziki kwance an rasa mai ɗauka. Wannan karatun baibai ne. Abin da ya faru a Uluru magana ce ta mallaka, kuma wanda bai fahimci haka ba zai kwaso ɓawon ya bar ƙwayar.

A 1873 wani Bature mai safiyo, William Gosse, ya iske dutsen da sunansa da masu shi, ya raɗa masa Ayers Rock don karrama wani babban jami'in mulkin mallaka. Sai a ranar 26 ga Oktoba 1985 gwamnati ta mayar wa Anangu takardar mallakar ƙasarsu, bisa sharaɗin su ba hukumar gandun daji haya ta shekara 99. Suka samu rinjayen kujeru a majalisar da ke kula da wurin, da kaso daga kuɗin da baƙi ke biya. Wannan majalisa ce ta yanke shawarar hana hawa a Nuwamba 2017. Wato shekara 34 cur suka yi tsakanin karɓar takarda da ganin an bi maganarsu. Har gobe akwai talauci a Mutitjulu, ƙauyen da ke gindin dutsen, don haka kada wani ya ɗauka aljanna aka gina musu. Abu ɗaya suka samu wanda ya fi kuɗin tikiti: idan suka ce a'a, ta zauna.

Masu zuwa dutse

Mutum uku ne ke nufar dutse a arewacin Najeriya yau. Na farko mai kyamara ne. Hawan dutse ya zama abin yayi ga ma'aikatan birni. Ranar Asabar a yi ayari da fararen takalma da gorunan roba, a haye, a yi hoto, a zuba a Instagram. Motsa jiki ba laifi ba ne, kuma gara matashi ya san duwatsun ƙasarsa da ya ƙare rayuwa tsakanin ofis da mota. Laifin yana ga ayarin da zai ratsa gonar mutum ba sallama, ya wuce ƙofar mai unguwa ba gaisuwa, ya rubuta sunansa da fenti a jikin dutsen da ya girmi kakan kakansa, ya bar ledoji ya tafi. Na biyu mai nakiya ne, wanda ke ganin kowane dutse tsakuwa ce da ba a fasa ba tukuna. Na uku mai lasisi ne, wanda bai taɓa ganin dutsen ba ma, a taswira ya san shi.

Dukansu ukun abu ɗaya ya haɗa su: babu wanda ya tambayi mutanen da ke kwana a gindin dutsen. Hausawa kuwa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Dala ta isa misali. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Barbushe kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekarar za ta zo da shi. Masu binciken kayan tarihi sun samu alamun narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na bakwai. Daga gindin wannan dutse birnin ya tsiro. A 2007 aka sa Dala da ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su, tare da Surame ta Kanta. Har yanzu suna layin jira, alhali gidaje sun ci gindin dutsen, zaizaya na cin jikinsa, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kuma an yanka ta filaye a wurare da yawa. Wuri biyu kacal Najeriya ke da su a cikakken jerin, Sukur tun 1999 da kurmin Osun na Osogbo tun 2005, kuma dukansu wurare ne da masu su ke nan suna tsaye a kansu.

Abin da dutse ya yi wa 'Yargalma

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan ɗabi'a ta daraja dutse fiye da mai dutse, ya dubi yammacin Zamfara. A watan Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda sa ido kan sanƙarau ya kai su yankin, suka lura yara ƙanana na mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka ta hanyar da ba a saba gani ba: amai, jijjiga, suma, sai rasuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce.

Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, manoma suka koma haƙa. Duwatsun da suke kwasowa cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a farfasa, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Binciken hukumar CDC ta Amurka a Dareta da 'Yargalma ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun rasu cikin shekara guda. A yankin baki ɗaya an ƙiyasta yara akalla 400 suka mutu, dubbai kuma suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin a iya yi wa yaran magani mai ɗorewa, domin babu amfanin wanke jinin yaron da zai koma cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. A Bagega ba a fara wannan aiki ba sai 2013, saboda kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari sun maƙale har sai da aka yi ta kururuwa.

Zinariyar kuwa ta bi hannun dillalai ta fice. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa wannan masifa da dutsen alfarma na Ostiraliya. Haɗinsu shi ne wurin da ake yanke hukunci. Tsarin mulkin Najeriya, a sashe na 44, ya damƙa duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa ga gwamnatin tarayya. Ofishin da ke raba lasisin haƙa yana Abuja. Daga Abuja aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilu 2019, aka ce tana ciyar da 'yan bindiga. Daga Abuja aka ɗage haramcin a Disamba 2024. A buɗe ko a rufe, mutumin 'Yargalma a rediyo yake ji. Shi ne ya binne 'ya'yansa, amma ba shi da kujera a inda ake shawarar ƙasar da ya binne su a ciki.

Abin takaicin shi ne dokar ba ta yi shiru ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta hana haƙa a wurin da jama'a ke ɗauka mai alfarma, ta hana taɓa itace ko wani abin da ake girmamawa, ta kuma wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar da zai yi aiki a ƙasarta. Amma dagatai nawa ne a gaɓar gulbin Zamfara da gulbin Ka aka taɓa karanta wa waɗannan sassa da Hausa? Ina aka rubuta cewa nan tsohuwar maƙabarta ce, can kufan gari ne, wancan dutse kuma a kansa kakanni suka fake lokacin yaƙi? Wurin da ba a rubuta ba, a idon mai taswira fili ne kawai. Ko a Ostiraliya, a Mayu 2020 kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogunan dutse na Juukan, masu alamun zaman ɗan Adam na shekara 46,000, don faɗaɗa mahaƙar tama. Bambancin shi ne can shugaban kamfanin ya rasa kujerarsa.

Hanzari biyu

Hanzari na farko na addini ne, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Za a ce duwatsun nan matsafa ne: Dala ta Tsumburbura ce, Kwatarkwashi kuma tsofaffi na danganta ta da Magiro da bikin kamun maiki, don haka kiyaye su raya shirka ne. Amma adana wuri daban, bauta masa daban. Amr ɗan As ya ci Masar da yaƙi, ya mulke ta, kuma dalar Fir'auna na nan tsaye. Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma ba a duban abin da aka mayar tsakuwa. Saudiyya da kanta ta kai Mada'in Salih jerin UNESCO a 2008. Bakano ba ya komawa bautar Tsumburbura don ya san inda aka yi ta. Sanin ne ma ke nuna masa nisan tafiyar da kakanninsa suka yi.

Ban da haka, Bahaushe ba baƙon ladabin wuri ba ne. Babu mai shiga Hubbaren Shehu a Sakkwato da takalmi yana kiɗa a waya. Babu mai shimfiɗa tabarmar shan shayi a maƙabarta. Abin da Anangu suka nema shi ne irin wannan ladabi, a wurin da su suke girmamawa. Mafi yawan wuraren da mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum za su so a kiyaye yau ma ba na tsafi ba ne: maƙabartu ne, da tsofaffin masallatai, da filayen Idi, da kufan garuruwan da aka tashi.

Hanzari na biyu ya fi nauyi. Za a ce ana kashe mutane, ana sace su a gona, manomi na biyan 'yan bindiga kafin ya girbe abin da ya shuka, wa ke da lokacin dutse? Gaskiya ne babu mai hankalin da zai shirya yawon asuba a dajin Anka yau. Sai dai rashin tsaron shi ne babban dalilin gaggawa. Ƙauyuka sun watse, tsofaffin da suka san sunan kowane dutse da labarinsa suna zaman gudun hijira a Anka da Gusau, kuma kowace damina ana rage su. Ranar da zaman lafiya ya dawo, mai lasisi zai riga mai gona isa, da takardarsa a hannu. Idan a ranar babu abin da aka rubuta, babu wanda ya rage ya yi shaida, to ƙasar ta tafi karo na biyu.

Abin yi

Aikin farko na masarautu ne. Masarautar Anka, wadda ta gaji sarautar Zamfara da ta faro daga Dutsi, da takwarorinta na Bukkuyum da Gummi, suna da hakimai da dagatai da za su iya tattara sunayen wuraren da jama'arsu ke girmamawa, gunduma gunduma, a miƙa wa ofishin lasisi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da ɗaliban tarihi da na Hausa da ke neman batun bincike kowace shekara. Ga batu nan zaune a sansanonin gudun hijira, yana jiran mai naɗar murya. Lauyoyi 'yan yankin su fassara sassan dokar 2007 da suka shafi al'umma, a karanta su a rediyo.

Masu hawan dutse na birni kuma nasu ya fi sauƙi. A fara da ƙofar mai unguwa. A ɗauki ɗan jagora daga cikin gari, a biya shi kuɗin da ya dace da ilminsa. Inda ya ce ba a hoto, a mayar da waya aljihu. Inda ya ce ba a hawa, a zagaya ta ƙasa, ko da an yi tafiyar awa uku don a hau ɗin.

Jami'in da ke mafarkin Uluru a Zamfara kuwa, ya fara da abin da Ostiraliya ta yi a 1985 kafin ya yi zancen tikiti: ya ba masu wuri kujera da rinjaye a inda ake yanke hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutanen 'Yargalma sun riga sun biya kuɗin wannan kujera da 'ya'yansu.