Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Limamai da Masu Gari na Dogarawa



Hunturu ya kama. Ƙura ta tayar wa masu asma ciwonsu, yara na atishawa da ƙaiƙayin ido. Wannan mai sauƙi ne. Abin tsoro shi ne sanƙarau da ƙyanda da ke biyo bayansa in zafi ya shigo. Ba mu manta 2015 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe ɗaruruwan mutane a Nijar.

Duk da haka saƙonnin murya na yawo a WhatsApp daga Ƙonni har Galmi, wai allurar rigakafi tana hana haihuwa. Zargin nan yana da asali: a 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yaran Kano, kuma mutane sun riƙe abin. Amma da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, yaran talakawa ne suka gurgunce, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Ku ake saurara, fiye da kowane malamin asibiti. Ku gayyaci ma'aikatan lafiya bayan sallar Juma'a, magidanta su yi musu tambayoyi. Ranar allura kuma, a fara da jikokinku, a ƙofar gidajenku.

Wassalam.