Bashin Kamfani Da Gādon Mai Kamfani

A cikin watan Agusta na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta maye gurbin ta 1990. Abin da ya fi jan hankalin 'yan kasuwarmu a cikinta shi ne, mutum guda tilo yana iya yin rajistar kamfani nasa na kansa, alhali kuwa a da sai an sami mutum biyu ko fiye. Mutane da yawa sun yi murna, domin sun huta da aron sunan ƙane ko na uwargida don cika sharaɗi. Mu ma mun yi murna. Amma akwai abin da muke jin tsoron ba a lura da shi ba, kuma ba ya bayyana sai ranar da jari ya karye, ko ranar da aka dawo daga maƙabarta.

A idon doka, kamfani mai ɗauke da kalmar nan Limited mutum ne daban, mai shi kuma mutum ne daban. Kayan da ke cikin kanti, da motar da aka saya da sunan kamfani, da kuɗin da ke cikin asusunsa, duka na kamfani ne. Abin da Alhaji ya mallaka hannun jari ne kurum. Haka kuma bashin da kamfani ya ci, kamfani ake bi. In ya rushe, masu bin bashi za su raba abin da suka tarar, ba su da ikon taɓa gidan Alhaji ko gonarsa, sai fa in ya tsaya wa kamfanin da sa hannunsa, kamar yadda bankuna kan nema kafin su ba da rance, ko kuwa an kama shi da ha'inci. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, shi bai sami wannan katanga ba.

To, ina matsayin Shari'a? Karyewar jari ba baƙon abu ba ne ga malamanmu, sun buɗe masa babi sun kira shi taflisi. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa labarin wani mutum daga ƙabilar Juhaina wanda bashi ya yi wa katutu, Sayyidina Umar ya yi shela ga masu binsa su zo a raba musu dukiyarsa. A Malikiyya, wanda ya sayar da haja bashi, sa'an nan ya tarar da ita yadda take a hannun wanda ya karye, shi ya fi cancanta da ita. In kuwa mutuwa mai sayen ya yi, sai ya bi sahun sauran masu bin bashi. Aya ta 280 cikin Suratul Baƙara kuma ta umurci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. A nan dole mu yaba wa dokar 2020, domin ta buɗe hanyar da kamfanin da ya shiga matsi zai yi sulhu da masu binsa a kan yadda zai biya, ko a naɗa wani gwani ya riƙe shi don a ceto shi, maimakon a garzaya a yi gwanjon kayansa.

Game da iyakance bashi a kan jarin kamfani kuwa, majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 ta ce babu laifi. Sai dai a dubi hujjarta: wai masu hulɗa da kamfanin sun san haka, saboda haka ba a yaudare su ba. Banki ya sani, yana da lauyoyi. Amma ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ba da dila goma na atamfa a kan amana, ba takarda ba shaida, Alhaji ya ba don ganin idonsa, bai taɓa jin labarin wata katanga ba. A ganinmu, in ba a bayyana masa tun farko cewa kamfani yake bai wa bashi ba, wannan bashi yana wuyan Alhaji, ko da kotu ta wanke shi.

Wannan ya kai mu ga rabon gādo. Tsarin da ke cikin littattafanmu sananne ne: a fara fid da haƙƙin da ya rataya ga wani abu takamaimai kamar jingina, sai hidimar jana'iza, sai basussuka, sai wasiyya daga sulusi, abin da ya saura shi ne na magada. Ragowar sadakin da ba a biya matar mamaci ba yana cikin basussukan nan, ko da yake kunya kan hana mata da yawa faɗi. Kuskuren da muke gudu shi ne, a kira malami ranar sadakar bakwai, a buɗe kantin kamfani a ƙidaya kaya a raba. Kayan nan ba na mamaci ba ne. Sai kamfani ya biya masu binsa da ma'aikatansa tukuna, abin da magada suka gāda shi ne hannun jarin, namiji rabon mata biyu. In rigima ta tashi ma, ƙofa biyu ce: tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya sha'anin kamfanoni, maganar gādo da wasiyya ta Musulmi kuwa tana wajen alƙalan Shari'a. Marayu sai su yi ta kai da kawowa tsakanin kotu biyu, jari yana narkewa.

Ma'aikatan gwamnati su ma abin ya shafe su. Doka ta hana su gudanar da kasuwanci in ban da noma, don haka wasu kan sa hannun jarinsu da sunan wani ɗan'uwa. Ranar da mutuwa ta zo, takardun Hukumar Rajistar Kamfanoni sunan ɗan'uwan suka sani, 'ya'yan mamaci kuwa ba su da hujja sai tsoron Allah na kawunsu.

Shawararmu ga mai kamfani shi kaɗai, ya raba asusunsa da na kamfani tun yau, ya rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta umurta, ya bambance bashin da ya ci da sunansa da wanda kamfani ya ci, ya kafa shaidu biyu adilai. Sa'an nan ya nuna wa babban ɗansa ko wasiyyinsa inda takardun rajista suke.