Jirgin Yaƙin Da Ke Umuahia

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Umudike da kewaye, mu nawa ne muka taɓa shiga gidan tarihin yaƙi na Umuahia? Ga shi nan kusa, tun 1985 aka kafa shi, amma da ka kawo zancen sai wani ya ce, "Kai malam, bar tono maganar Biyafara, mu baƙi ne a nan." Ni dai ban yarda da wannan tsoron ba. A harabar akwai jirgin ruwan yaƙi, NNS Bonny, ajiye a kan tudu. Mutane ne suka kwana a cikinsa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma a ruwa da gaɓar tekun nan an rasa rayuka ta kowane ɓangare, wasu ko gawarsu ba a gani ba balle a yi musu sutura. Har da iyayen mutanen da muke zaune a garinsu, muke cin abinci tare da 'ya'yansu.

A Amurka, jirgin USS Arizona da Japan ta nutsar a 1941 yana nan ƙarƙashin ruwa, sunayen mamatansa a jikin bango, mutane na shiga da natsuwa. Mu kuwa, in ma an je, hoto ne kawai a ɗora a Facebook, haba! A yi hoton, ba laifi, amma a tsaya a saurari mai zagayawa da baƙi, a yi wa mamata addu'a.

In an gama jarrabawa mu haɗa kuɗin mota mu je. Ku gayyato abokanmu Ibo ma.